Wayar da Ba Ta San Ƙonni Ba

A Ƙonni ko Malbaza ko Illela, da zarar an ji ɗan wane yana karatun kwamfuta a jami'a, to ya zama alƙalin wayoyi ko yana so ko ba ya so. Kawu zai miƙo masa Tecno da Itel ya ce ya zaɓa masa, inna za ta tambayi wadda batirinta ya fi jimiri, samari kuwa babu abin da ya dame su sai kyamara da girman ma'ajiya. Tambayoyi ne masu ma'ana, musamman ta batir, ga wanda ya ga yadda wuta ta riƙa ɗaukewa a ƙasar nan bayan da Najeriya ta katse lantarki a watan Agusta na 2023. Amma akwai tambayar da ban taɓa jin an yi ba a gaban teburin mai sayar da waya: shin wannan wayar, yadda ta fito daga kwali, za ta iya rubuta sunan garin da aka saye ta? A ganina wannan ita ce tambaya mafi girma ga Bahaushe, kuma ba mu ɗaliban kwamfuta kaɗai za mu amsa ta ba. Shi ya sa na kawo ta gabanku, ƴan'uwa masu nazarin harshe.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi yana da lambar da aka yanka masa a wani jadawali, kuma jadawalin mutane ne suka zauna suka tsara shi. Na farkon da ya mamaye duniya, wato ASCII, an fitar da shi a Amurka a 1963, da gurabe 128 kacal, waɗanda suka ishi Turanci. A cikinsa harafin k yana da lamba 107. Harafin ƙ bai sami gurbi a cikinsa ba, amma ya samu da Unicode ya zo a farkon shekarun 1990, inda aka ba shi lamba 409, tare da ɓ da ɗ da ƴ da manyansu. Ke nan sama da shekara talatin haruffanmu masu ƙugiya suna da mazauni a cikin na'ura. Abin da suka rasa shi ne ƙofar shiga.

Ku dubi allon haruffan kwamfutocin da muke aiki da su. Waɗanda suka biyo ta hanyar Faransa suna da tsarin AZERTY, waɗanda suka ƙetaro daga Najeriya suna da QWERTY, kuma ɗalibinmu yakan koyi duka biyun domin bai san wadda za ta faɗo hannunsa ba. A kan AZERTY akwai madanni da aka ware wa harafin ù, alhali a Faransanci kalma ɗaya tak ake rubutawa da shi, wato où. Harafin ƙ, wanda ke cikin ƙasa da ƙarfe da ƙauye da ƙwarya da dubban kalmomi, ba shi da madanni ko a ɗaya.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne lissafin gajeren saƙo, domin a nan rashin ya zama kuɗi. Saƙon SMS guda yana ɗaukar bit 1120. In duk haruffansa suna cikin jadawalin GSM, wanda aka tsara a Turai, kowane harafi yana cin bit 7, sai a sami haruffa 160. A jadawalin akwai é da è da à, akwai ñ da ü da ß, har da manyan haruffan Girkanci guda 10, amma babu ko ɗaya daga cikin namu. Da zarar mutum ya sa ƙ guda ɗaya, sai wayar ta juya saƙon baki ɗaya zuwa wani tsari mai cin bit 16 ga kowane harafi, iyakar ta faɗo zuwa 70. Saƙo mai haruffa 150 da zai tafi a matsayin guda, in an rubuta shi da Hausa daidai sai ya rabu uku, a caje shi uku. Wato akwai tara a kan rubuta Hausa bisa ƙa'ida, kuma talaka ya gane haka tun kafin mu karanta dalilinsa a aji. Daga baya an ƙara wa tsarin jadawalai na musamman domin Turkanci da Sifaniyanci da harshen Fotigal da harsuna 10 na yankin Indiya. Ba a ƙara wa harshen Afirka ko ɗaya ba. Ba don na'urar ta gaza ba ne. Waɗancan sun nema, sun kai takarda inda ake yanke hukunci.

Za a ce mini, ai mai karatu yana gane ma'ana daga zubin magana. Gaskiya ne, sau da yawa. Amma ku kun fi ni sanin cewa rubutunmu na yau da kullum ya riga ya sauke kaya biyu: ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. In aka zare ƙugiya an sauke na uku. “Ya tafi fada” da “ya tafi faɗa” ba labari ɗaya ba ne ga matar da ke jiran mijinta, haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, kare da ƙare. Babba yana iya cike gurbin da abin da ya riga ya sani. Yaron da ke koyon karatu ba shi da wannan jarin, kuma ƙasar nan tana koyar da yara da Hausa tun makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973. Malami ya koya masa ɗaki da safe, da maraice ya ga daki a wayar yayansa.

Akwai kuma mai karatu na uku da ba a cika tunawa da shi ba, ita na'urar kanta. Manhajojin fassara da masu gyaran kalma daga abin da muka rubuta suke koyo. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a watan Disamba na 2013, kuma tun daga lokacin irin waɗannan manhajoji sai ƙaruwa suke yi. In muka shayar da su rubutu marar ƙugiya, shi za su mayar mana, har su riƙa “gyara” wa wanda ya rubuta daidai.

A darussanmu wannan batu ba ya samun fiye da yini guda, in ma ya samu. Ana koya mana gina rumbun bayanai da sunayen misali irin na littattafan Faransa, waɗanda ba sa tayar da ƙura. Sai ka fito ka gwada da sunayen gida ka ga abin mamaki. A harshen SQL, wanda ake tambayar rumbun bayanai da shi, alamar ' ita ce ke buɗe zance ta rufe shi. Don haka manhajar da aka rubuta da ganganci tana iya tsayawa cik a kan Sa'adu ko Asma'u. Mutum guda kuma yana iya zama Rabi'u a gida, Rabiou a takardar haihuwa, Rabiu in ya ƙetara iyaka zuwa ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato domin cin kasuwa. Ga na'ura waɗannan mutane uku ne. Duk wanda zai gina rajistar marasa lafiya ko ta manoman albasa a Galmi zai ci karo da wannan a makon farko, kuma ba ilimin lissafi ne zai fitar da shi ba, sai sanin yadda Faransanci da Turanci suka ji sautukan Hausa kowanne da kunnensa.

Wasu abokaina suna ganin duk wannan ɓata lokaci ne, tunda saƙon murya ya zo. Ban raina hujjarsu ba. Dillalin albasa a Galmi yana daidaita farashi da mai saye a Akara ko Abijan ta WhatsApp ba tare da ya rubuta harafi ɗaya ba, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana gaisawa da ɗanta da ke ci-rani. A cikin duk abin da waya ta kawo yankinmu ban ga wanda ya kai wannan amfani ba. Sai dai murya ba a bincika ta kamar rubutu, ba a kafa hujja da ita cikin sauƙi, ba a cike takardar hukuma da ita. In kuwa aka ce na'ura za ta saurara ta rubuta, to wace Hausa ta koya? Mafi yawan Hausar da ke intanet daidaitacciya ce, irin ta jaridu da ta BBC da DW da RFI. Mutumin Adar ko na Ƙonni cewa yake “munka tahi”, yana cewa “ɗiya” inda Bakano zai ce “ƴaƴa”. Ya fi haka ma: in ya ce “dala ashirin” yana nufin sefa 100, domin dala a wurinmu sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1000. Manhajar da ta koyi Hausa daga labaran duniya za ta ɗauka kuɗin Amurka yake nufi. Ku kwatanta wannan kuskure a cikin manhajar aika kuɗi.

Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Ana ta muhawara a kan wannan mataki, kuma masu sauran harsunanmu suna da abin faɗa da ya cancanci a saurara. Abin da nake cewa kawai shi ne, harshen da ba ya iya shiga rajistar ofishin magajin gari da haruffansa cikakku, matsayinsa yana kan takarda ne. Ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar tun watan Oktoba na 1999. Hukumar da ta iya wannan tana iya shar'anta cewa duk kwamfutar da za a saya wa makaranta ko ofis ta zo da allon Hausa a girke. Ba tsada gare shi ba. A waya ma, manhajar Gboard tana da Hausa. Minti biyu ya isa a kunna ta, amma mai sayarwa bai sani ba, mai saye bai tambaya ba.

Aikin da ya rage namu ne, mu da ku, kuma kowa a cikinmu yana da laifinsa. Mu muna gina manhaja kamar harshe ba ruwanmu, ku kuma kuna rubuta kundaye masu daraja a kan karin harshen Adar da na Gobir, su ƙare a kan kanta ƙura ta rufe su. Ina ba da shawara sassan biyu su yarda ɗalibin harshe da na kwamfuta su haɗa kundin kammala karatu guda. Na farko da zan so gani ƙarami ne: jerin sunayen garuruwa da ƙauyukan gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, kowanne da rubutunsa na hukuma, da rubutunsa na Hausa, da muryar ɗan garin yana faɗinsa. Tsernaoua a gefe, Tsarnawa a gefe. Badaguichiri a gefe, Badagishiri a gefe. Na biyu shi ne tara muryoyi. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana karɓar Hausa: mutum ya karanta jimla, wasu su saurara su tabbatar. Ajinku guda, a hutu guda, zai iya shigar da lafazin yankinmu, muddin an bayyana wa duk mai ba da muryarsa cewa kowa a duniya zai iya amfani da ita.

Akwai kuma hukuncin da ku kaɗai za ku iya yankewa. Mu a Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya an fi rubuta 'y, kuma ita wannan alamar tana da aƙalla siffofi uku a Unicode masu kama da juna a ido, kowacce da lambarta. Saboda haka kalmar ƴan tana yawo a intanet da fuska huɗu, wanda ya nemi ɗaya yana iya rasa sauran ukun. Layi biyar na manhaja sun isa su haɗe su wuri guda, kuma ɗalibin shekara ta biyu zai rubuta su kafin shayi ya nuna. Abin da yake jira shi ne ku gaya masa wacce daga cikin huɗun za a mayar da sauran gare ta.