Barkwancin Zariya zai ci kasuwa a Legas?

Ƙannenmu, wani abokin karatunmu mai barkwanci ya fara haɗa jaka. Ƙarshen wata zai koma Legas wajen kawunsa a Agege, ya gwada sa'arsa a dandali, daga shi sai makirufo. Daren Asabar muka taru a ɗakinsa ya gwada mana abin da ya tanada.

Mun sha dariya har da riƙe ciki. Sai wani Bayarabe abokinmu ya tambaya, wai me Bakano ya yi wa Bazazzage? Ɗaki ya yi tsit. Ashe rabin barkwancin nasa wasan Kanawa da Zazzagawa ne, da na Fulani da Barebari. Mu da wannan wasa muka tashi. Can kuwa, inda su Ali Baba da Basketmouth suka yi suna, yawanci da Turancin buroka ake yi, kuma barkwancin da sai an yi bayaninsa ya riga ya huce.

Wasu suka ce ya zauna gida kawai, ya bi sahun marigayi Ibro. Mu dai mun ce ya tafi, amma ya bar Bakano a Zariya. Yanzu yana rubuta yadda suka ƙare da mahaifinsa ranar da ya faɗa masa sana'ar da ya zaɓa. Bayaraben nan zai fara gwada wa.