Kwalbar Da Ba Ta Komawa Gida

 Yau ba girki za mu yi ba, ba kuwa zancen reno ba. Kan bola zan kai ku, ina kuma roƙo kada ku toshe hanci, domin akwai kuɗi a wurin, akwai kuma haƙƙinmu.

Abin da ya jawo maganar akuyata ce. Da daminar da ta wuce ta daina cin abinci, ciki ya kumbura, kullum sai rama. Muka ba ta kanwa, muka ba ta jiƙo, a banza. Da Maigida ya ga za ta yi mushe sai ya kira mahauci. Ko da aka fasa tumbin, abin da aka zaro dunƙulen leda ne, baƙa da fara, ya kusa cika ƙwarya. Akuyar nan kuwa ita ce asusuna, da 'ya'yanta nake biyan kuɗin makarantar Auta. Tun ran nan nake tambayar kaina: shin ledar nan ta wace ce? Ba ni na ƙera ta ba, ba ni na ci ribarta ba, amma ni na biya.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna yadda ake sayen lemo a da. In za a yi suna ko biki, sai a ɗauko kiret a wurin mai kanti a bar masa kuɗin jingina. Baƙi na watsewa uwargida ta shiga ƙirgar kwalabe, yaron da ya fasa ɗaya kuwa ya san sauran. Motar kamfani ta zo da cikakku, ta koma da fanko, a wanke, a sake cikawa. A ƙasar Jamus kwalbar gilashi ɗaya takan yi irin wannan zuwa da komowa har wajen sau 50. Ba wanda yake ganin kwalbar lemo a kwata a lokacin, domin kuɗi ce.

To, yanzu masana sun yi wa wannan dabara sabon suna, wai tattalin arziki mai zagayawa. Watau kada a ƙera abu, a yi amfani da shi sau ɗaya, a jefar. A ƙera shi yadda zai daɗe, in ya lalace a gyara, in ya ƙare a narke shi ya zama wani abu, sharar wannan ma'aikata ta zama kayan aikin waccan. Da na ji bayanin sai na yi dariya na ce lalle da tsohuwar zuma ake magani. Ku 'yan makaranta, ku je ku zauna kusa da mai ƙuli-ƙuli ku ga darasin da idonku. Ta matse gyaɗa ta sayar da mai, tunkuza ta zama ƙuli, ɓawo ya shiga murhu, toka ta shiga tatar ruwan toka, harawa tun a gona dabbobi suka samu, takinsu kuma ya koma gonar. Me aka zubar? Haka mai yin guga da tsohon tif, da mai yanka takalmi a jikin taya, da mai ƙera fitilar a-ci-bal-bal da gwangwanin madara.

Me ya sa manyan kamfanoni suka yi ta barin gilashi suna komawa roba? Ba wani asiri ba ne. Gilashi na da nauyi, yana fashewa, sai an sa mota ta kwaso shi, sai an biya masu wankewa. Gorar roba kuwa tafiyarta ɗaya ce, in ta fita ƙofar ma'aikata an rabu ke nan. Wahalar ba ɓacewa ta yi ba, gidajenmu aka turo ta. Mu ne masu shara, kwatarmu ce ke toshewa ruwa ya kwanta sauro ya yi gida, mu ne ke kwana a kan yaro mai zazzaɓi. Af, tun da zancen ya zo, don Allah masu hura gawayi da leda ku bari, hayaƙin nan guba ne, ga goyo a baya yana shaƙa.

Ni dai a ganina abu biyu ne ke sa ɗan kasuwa ya karɓi shararsa: ko ya hango riba, ko doka ta matsa masa. Ta wajen riba, ku dubi gwangwanin alminiyum. Narkar da tsoho ba ya cin wutar da ta wuce kashi 5 cikin 100 na wadda ake ci wajen haɗa sabo daga ma'adini, shi ya sa gwangwani ba ya kwana a bola, 'yan jari-bola sun tsince, masu zubin tukwane da manyan ma'aikatu suna jira. Haka masana'antun roba na Kano ke sayen fasasshen bokiti da tsinkakken silifas, su niƙa, su fito da sabuwar buta. Har a Turai ma haka abin ya faro. A garin Kalundborg na ƙasar Denmak, a 1972, matatar mai ta fara sayar wa maƙwabcinta, mai yin allunan gini, iskar gas ɗin da take ƙonarwa a banza, yana busar da allunansa da ita. Ba tausayin duniya ya haɗa su ba, ciniki ne.

Inda babu riba fa? Nan ne gizo ke saƙa. Kamfanin Coca-Cola ya yi alkawari a 2022 cewa kafin 2030 kashi 25 cikin 100 na abin shan da yake sayarwa a duniya zai kasance cikin mazubin da ake maidowa a sake cikawa. A watan Disamba na 2024 ya fito da sababbin manufofi, aka nemi wancan alkawari aka rasa. Ban ce su kaɗai ne ba, amma wannan ya ishe mu gane cewa alkawarin da babu mai bin bashinsa ba ya ɗaure kowa.

Jamusawa ba su tsaya jiran alkawari ba. Tun 2003 suka sa doka, kowace gorar lemo ta roba ko gwangwani akwai jinginar santi 25 a kanta, ka mayar kanti a ba ka kuɗinka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gorunan nan suna komawa. Ashe dai dabarar mai kantin unguwarmu ce aka sa wa hular gwamnati.

Mu ma ba a ce ba a motsa ba. A 2014 hukumar NESREA ta fito da tsarin da ya ɗora wa mai ƙera kaya alhakin shararsa, a 2018 kuma wasu kamfanonin abinci da abin sha suka kafa ƙungiyar tattara roba. Wata mace, Bilikiss Adebiyi-Abiola, ta kafa Wecyclers a Ikko a 2012, ana bi gida-gida da keke ana karɓar roba, ana saka wa matan gida da kyauta ko kuɗi. Jihar Ikko ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024, ta ƙara da wasu robobin a Yulin 2025, amma ta ƙyale gorar lemo da ledar fiyawata, su kuwa su ne suka fi cika mana lungu. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda a 2014, Ruwanda tun 2008. Bambancin shi ne a Ruwanda an bi dokar da gaske har a bakin iyaka, a Nijar kuwa mai tumatir bai fasa ƙulla wa mutane a leda ba.

Na san wata za ta ce, yanzu da tsadar nan za a ƙara mana kuɗin jingina? Gaskiyarki, 'yar'uwa, amma jingina ajiya ce, tana dawowa. Kuɗin akuyata ne ba zai dawo ba. Wanda ya ci ladan kuturu shi ya kamata ya yi masa aski, saboda haka kamfanin da ya ci ribar gora shi ya dace ya buɗe wurin karɓarta a kowace unguwa, ya sa mata farashin da kowa ya sani.

Kafin su farka, mu masu sana'a a cikin gida muna da namu. Masu zoɓo da kunun aya, sake amfani da gora abu ne mai kyau, amma ba gorar da yaro ya tsinto a kwata ko bayan asibiti ba. A nemi wadda aka san asalinta, a wanke da sabulu ciki da murfi, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, wadda ta ƙoƙe ko ta lotse a tara wa 'yan jari-bola. Maƙwabciyata mai kunun aya takan ɗora naira 20 a kan kowace gora, in an dawo da ita ta mayar. Da farko masu saye sun yi ta gunaguni. Yanzu yaran layinmu da kansu ke bin mutane suna cewa a ba su gorar in an gama sha, ita kuwa rabonta da sayen gora a kasuwa tun kafin azumi.