Araha Ba Ta Ado

Kwanan nan marubutanmu sun farga da labarin zane, wanda masu Faransanci ke kira BD, kuma abin farin ciki ne. Amma tambayar da ke yawo a bakinsu guda ce: ina zan samu mai zane mai araha? In ka bi diddigi, "araha" ɗin nan sau da yawa kyauta ake nufi, kunya ce kawai ta hana a faɗa.

Mu yi lissafi, tunda lissafi ba ya son kai. Littafin BD irin wanda aka saba bugawa a Faransa da Beljiyam shafi 48 ne. Kowane shafi sai an tsara shi, a zana da fensir, a bi da tawada, a sa launi, sannan a zuba maganganu. A ce mai zanen yana da saurin hannu, kwana biyu kowane shafi: kwana 96 ke nan, fiye da wata uku. Yanzu marubuci ya zo ya ce zai ba da jaka hamsin, har yana jin ya yi bajinta. Raba ka gani: dala ɗari da 'yan kai a wuni. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata. Wato mutumin da ya shekara goma yana horar da hannunsa, kana so ya yi maka wata uku a kan kuɗin da bai kai rabin na lebura ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, marubucin nan ba ya yi wa kowa haka sai mai zane. Mai ɗab'i ya faɗi kuɗinsa, a biya. Mai buga rubutu a kwamfuta, a biya. Ranar ƙaddamarwa a kama kujeru da rumfa, a sallami maroƙi. Mai zane kaɗai ake ce wa, "Ka taimaka, ai za ka yi suna." Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan magana sarai, da ita ake roƙon mu karanta talla kyauta. Ban taɓa ganin mai shinkafa ya karɓi suna ya auna wa mutum tiya ba.

Kuma sunan ma ba a bayarwa. A kan bango za ka ga na marubuci da manyan baƙaƙe, na mai zane kuwa sai ka laluba shi a ciki, in an sa. Alhali a wannan fanni zanen shi ne labarin. Marubuci ya rubuta "sai yaƙi ya ɓarke", kalma huɗu, ya miƙe ya sha shayi. Wani ne zai kwana yana zana dawakai arba'in da ƙurarsu. Asterix, tun fitowarsa a 1959, da suna biyu aka san shi: Goscinny da Uderzo. Aya de Yopougon, labarin wata unguwa a Abijan da ya fito a 2005, Marguerite Abouet ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana, kuma sunayensu biyu na nan a bango.

Za a ce mini marubuci ma talaka ne. Gaskiya ne, ba na musu. To talaka in zai yi gini, ɗaki ɗaya yake fara tayarwa, ba ya kiran magini ya yi masa bene bashi. Rage labarinka zuwa shafi 12. Bar launi, baƙi da fari ya isa. Yawancin manga na Japan haka ake buga su, duniya kuma na rububinsu. Biya shafi-shafi, rabi kafin a fara, rabi in an kawo, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Wannan takarda kai ma tana kare ka, domin akwai masu zanen da ke karɓar kafin alƙalami su kashe waya, ba zan ɓoye ba. In kuɗin hannunka bai kai ba, ka ba shi kaso cikin ciniki da rabin mallakar aikin, a rubuce. Ko ka tara kuɗin tukuna: Roye Okupe, ɗan Najeriya, ta Kickstarter ya nemi gudummawar masu karatu a 2015 don littafinsa E.X.O.

Masu zanen kuma ba ɓuya suka yi ba. Suna bakin tasha suna yi wa manyan motoci ado, suna rubuta allunan shagunan aski a Maraɗi da Damagaram, wasu na karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu na sa aikinsu a Instagram kullum. Wanda ya iya zana zaki a bayan tirela yana buƙatar koyon tsara shafi, shi ya sa za ka fara da gwajin shafi ɗaya, shi ma ka biya.

Saura masu cewa na'ura za ta zana musu kyauta. Bismilla, ku gwada. Ku ce ta zana dogarin Sarkin Damagaram, ku ga ko ba za ta naɗa masa rawanin Indiya ba, ko kuma fuskar jarumarku ta canza tsakanin shafi na uku da na huɗu. Daga nan za ku dawo neman mutumin da zai gyara, shi kuwa kuɗin gyara daban yake caji.