HORAR DA MALAMAN JAMI'A KAN DABARUN KOYARWA: INA AKA KWANA?

Cikin watan Disamba na shekarar 2022 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin darussa mai suna CCMAS domin ya maye gurbin wanda ake aiki da shi tun 2007. Bisa ga sabon tsarin, Hukumar ce ta zana kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane fanni, ta bar wa majalisar kowace jami'a sauran kashi 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi suka cewa an shiga hurumin majalisun jami'o'i, aka yi ta ka-ce-na-ce a kan abin da za a koyar. Amma akwai wata tambaya da aka bari a baya, ita ce: shi wanda zai tsaya gaban aji ya koyar da darussan nan, wa ya koya masa koyarwa?

Sanin kowa ne cewa ba a yarda mutum ya zama cikakken malamin firamare a ƙasar nan sai yana da takardar NCE, wadda ake shekara uku kafin a samu, har da zuwa gwajin koyarwa inda masu dubawa za su zauna a bayan aji suna ba shi maki. Malamin jami'a kuwa, in aka ɗebe na sashen ilmi, babu wanda ke tambayarsa irin wannan takarda. Saurayin da ya yi fice a digirinsa na farko, ya gama bautar ƙasa, sai a riƙe shi a matsayin ƙaramin malami, kafin wani lokaci a miƙa masa alli da aji mai ɗalibai ɗari biyar. Abin da zai yi a fili yake. Zai kwaikwayi malamin da ya koyar da shi, in nagari ne a dace, in kuwa mai shifta ne daga tsohuwar takarda wadda ta yi ja don tsufa, to, shifta ta sami magaji.

Abin mamaki shi ne ilmi mai zurfi na zamani a Arewa da horon malamai ya fara. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 makarantar horar da malamai ce, kuma Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sai da suka koyar a makarantun midil bayan sun fito daga cikinta. Jami'a kuwa wata al'ada ta gado daga Ingila lokacin da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, watau ɗaukar cewa wanda ya san fanninsa ya iya koyar da shi. A lokacin ɗalibai kaɗan ne, zaɓaɓɓu, malami yana iya zama da su rukuni-rukuni ya san kowa da sunansa, saboda haka aibin bai fito ba. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai a 1975, har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, sai ɗalibai suka riƙa ninkuwa, al'adar kuwa ta tsaya inda take.

Ba wai hukuma ba ta san da maganar ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa, a bugunta na 2004, ta tanadi cewa malaman manyan makarantu su sami horo kan hanyoyin koyarwa. Akwai kuma Majalisar Rajistar Malamai, TRCN, da aka kafa da doka a 1993, wadda ta daɗe tana cewa hurumin dokarta ya kai har jami'a. Ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna tun 1976, ga sassan ilmi a jami'o'i masu ba da difloma ta koyarwa ga masu digiri. Duk da haka mafi yawan malaman kimiyya da injiniya da shari'a da likita ba su taɓa zama ajin koyon koyarwa ba.

Dalili yana cikin ƙa'idar ƙarin girma. Daga ƙaramin malami har zuwa farfesa, abin da ake ƙirgawa shi ne digiri da yawan maƙalun da mutum ya buga a mujallu, kuma su ake aika wa masu tantancewa na waje in an zo manyan matakai. Su masu tantancewar ba su taɓa ganin mutumin a aji ba. Malamin da ya kwashe dare yana duba aikin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya shiga aji sau uku a zango ya tafi rubuta maƙala, na biyun ne zai riga zama farfesa. Ma'aikacin gwamnati ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, gama ya san kowa inda ake ba da maki yake zuba ƙarfinsa.

Haka kuɗi ma suka bi. Asusun harajin ilmi da aka kafa a 1993, wanda dokar 2011 ta mai da shi TETFund, ya tura malamai da yawa karatun digiri na biyu da na uku a gida da waje, kuma babu mai musun amfanin haka. Rahoton kwamitin binciken bukatun jami'o'in gwamnati na 2012, a ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu, ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari ne kaɗai na malaman ke da digiri na uku. Sai dai fa digiri na uku horo ne kan bincike. Mutum yana iya shekara huɗu a ɗakin gwaje-gwaje a Maleshiya ko Ingila ya dawo bai san yadda ake tsara tambayar jarrabawa wadda za ta bambanta ɗalibin da ya fahimta da wanda ya haddace ba.

Masu ja da wannan magana suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare su. Ma'aunin NUC shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 10 a likita. Wanda ya taɓa leƙa zauren lacca na aji ɗaya ya san inda gaskiya take, wasu a tagogi, wasu a ƙasa, lasifika kuwa ta lalace. Suka ce wace dabara ce za ta yi aiki a nan? Ga kuma ƙarancin albashi, ga yajin aikin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, waɗanda suka sa ake cusa karatun zango guda cikin 'yan makonni. Amma cunkoson ne ma ya sa horon ya zama dole. Aji mai mutum ashirin kusan kowa zai iya riƙe shi. Aji mai ɗari biyar sai wanda aka nuna wa yadda ake raba shi ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin ƙananan malamai, da yadda ake amfani da makin gwaji na cikin zango, wanda yake kashi 30 ko 40 na sakamako, don a gane waɗanda aka bari a baya tun kafin jarrabawa. Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, an ga cewa ko inda akwai kwamfuta da intanet, malamai da yawa tura takardun lacca kawai suka iya yi.

Ita Ingila da aka kwaikwaya tuni ta sake hanya. Bayan rahoton kwamitin Dearing na 1997, jami'o'inta da dama suka sa sharaɗi cewa sabon malami ya yi kwas na koyarwa cikin shekarun gwaji kafin a tabbatar masa da aiki. Jami'o'in ƙasar nan ma suna da shekarun gwaji kafin tabbatarwa, suna da sassan ilmi a cikin harabarsu, saboda haka ba sai an gina sabon gini ba. Ba lalle ne kuma a tilasta wa farfesan tiyata ya koma ajin difloma tare da ɗalibansa ba, wannan ne ma ya sa manyan malamai ke yi wa maganar kallon raini. Gajeren kwas ga sababbin ɗauka, wanda tsofaffin fannin za su sa hannu a ciki, da zaman wani malami a aji ya ga yadda ɗan'uwansa ke koyarwa, sun isa a fara da su.

Tarurrukan ƙara wa juna sani na kwana biyu a otal, inda ake raba jaka da takardar halarta, ba za su yi wannan aiki ba muddin takardar ƙarin girma ba ta canja ba. Ikon canja ta yana hannun majalisun jami'o'i da hukumomin gudanarwarsu, NUC kuma tana iya sa horon cikin abubuwan da take dubawa duk lokacin da ta tura masu tantance kwasa-kwasai.