"Lokacin Allah Ya Fi" Ba Matashin Kai Ba Ne

 Na yi wannan rubutu ne musamman don 'yan uwana Kirista da muke haɗuwa a taron FCS, amma duk wanda ya tsaya gaban allon nan ya karanta ba zai rasa rabonsa a ciki ba.

Akwai maganar da ta zame mana jiki: "Lokacin Allah ya fi." Magana ce mai nauyi. Da ita ake ta'azantar da uwar da ta daɗe ba ta sami haihuwa ba, da magidancin da ya yi shuka ruwa ya ɗauke. Amma a bakin ɗalibi ta fara komawa matashin kai. Tambayi ɗan SS3 ko ya fara bitar lissafi, sai ya yi murmushi ya ce Allah zai yi. Tambayi 'yar SS2 ina aikin da malam ya bayar tun makon jiya, sai ta ce gobe, da yardar Ubangiji. Muna ɗaukar sunan Allah muna lulluɓe lalacinmu da shi, kuma a ganina wannan ya fi lalacin kansa muni.

Abin mamakin shi ne, babu ɗan Dandume da ke buƙatar a koya masa darajar lokaci. Masarar da manyan motoci ke lodawa a kasuwar garin nan ba da "sai gobe" aka noma ta ba. Idan ruwa ya zauna a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, kowa ya san ba a kwana. A yi shuka, a yi noman firi kafin ciyawa ta fi ƙarfin shuka, a zuba takin kamfa, a yi maimai, bayan kamar sati biyar zuwa shida a bi da yuriya. Buhun yuriyar da aka zuba a kan kari da wanda aka zuba bayan masara ta yi goyo kuɗinsu ɗaya a kasuwa, amma amfaninsu ba ɗaya ba. Wanda ya makara ya biya kuɗi cikakke, ya girbe rabi. Ku nuna mini dattijon ikkilisiya ɗaya, komai ƙarfin addu'arsa, da ya bar gonarsa har watan Agusta yana cewa lokacin Allah ya fi. Babu shi. Yana durƙusawa da asuba ya roƙi ruwa, sannan ya saɓa fartanya. Littafin Karin Magana ma ya yi wa malalacin da ya ƙi huɗa a kan lokaci ba'a, domin da kaka zai nema ya rasa. Iyayenmu sun gane wannan a gona. Mu ne muka kasa ganewa a aji.

Ga inda lissafin yake yi mana tsauri. Jarrabawar WAEC tana zuwa a watannin Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli. Wato daidai lokacin shuka da noman firi, lokacin da Baba zai ce a fito gona kowa da kowa. Ɗan birni da ya ce zai yi karatun gaggawa a watan Mayu yana iya samun sarari. Kai da ni ba mu da wannan gatan. Namu lokacin karatu shi ne rani, daga an gama girbi zuwa bazara. Wanda ya ware awa ɗaya tak a kowace rana daga Satumba zuwa Afrilu ya tara awa kusan 240, wato kamar awa 30 ga kowane darasi idan darussa takwas ne. Babu kwanan addu'ar da za a yi ana gobe jarrabawa da zai mayar da waɗannan awannin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A cikin Littafi Mai Tsarki, mutumin da ya fi ba ni tsoro a kan wannan batu shi ne gwamna Filikus, a Ayyukan Manzanni sura 24. Ba rago ba ne, mai mulki ne a Kaisariya. Ya sa aka kawo masa Bulus daga kurkuku, ya saurare shi a kan adalci da kamun kai da shari'a mai zuwa, har tsoro ya kama shi. Bai ƙaryata ba, bai kuma yarda ba. Ya sallami Bulus ne kawai a kan sai ya sami zarafi. Shekara biyu yana kiransa suna zantawa, yana ma sa ran a ba shi toshiyar baki, har aka sauya shi da wani gwamna, Bulus yana nan a ɗaure. Filikus bai taɓa cewa a'a ba. "Anjima" kawai ya ce. Mu ma ba ma cewa ba za mu yi karatu ba, ko ba za mu nemi gafarar wadda muka ɓata wa rai a aji ba. Muna cewa bari a gama wannan wasan ƙwallon, bari in duba TikTok minti biyar.

Yanzu zan taɓa inda zai yi wa wasunmu zafi. Ba waya da gidan kallo kaɗai ke cin lokacinmu ba. Akwai jinkiri mai sanye da kayan coci. Litinin koyon waƙa, Talata birged, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Asabar shirin sujadar Lahadi. Duk abubuwa ne masu kyau, kuma ba na cewa a bar su. Amma wani yana gudu zuwa koyon waƙa ne domin ganga ta fi kimiyyar sinadarai daɗi, kuma babu mai tsawata wa wanda ya ce coci ya tafi. Idan ka fito da sakamako babu kiredit biyar, babu Turanci babu lissafi, jami'a ba za ta tambaye ka waƙa nawa ka iya ba. Kuɗin rajistar kuwa wataƙila buhunan masarar gidanku aka sayar aka biya, ko akuyar Mama.

Haƙuri daban, jinkiri daban. Littafi Mai Tsarki na Hausa da muke karantawa bai fito cikakke ba sai a 1932, alhali Likita Miller, wanda ya yi babban aiki a fassararsa, ya shigo ƙasar Hausa tun 1900. Sama da shekara talatin ke nan. Wannan shi ne jiran lokacin Allah: aya bayan aya, shi da abokan aikinsa, hannu bai daina aiki ba. Ku dubi kuma 'yan uwanmu Musulmi da muke zama benci ɗaya. Idan aka kira azahar, ba a cewa sai an ji sha'awa. Lokaci ya yi, an tashi. Wannan tarbiyya abar koyi ce.

Na san wani zai ce ban yi adalci ba. Akwai 'yar uwar da kafin ta zo makaranta ta ɗebo ruwa ta yi shara, ta koma gida ta tarar da tukunya na jiranta. Akwai wanda ba wuta a gidansu, sai tocila. Akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Waɗannan ba ragwaye ba ne, kuma ba da su nake ba. Amma halin da muke ciki shi ne ma ya sa gobe ba abar dogara ba ce. A 2020 cutar korona ta rufe makarantu wata da watanni, kuma a Disambar shekarar, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, aka sake rufe makarantun kwana a jihar nan. Ba wanda aka yi wa sallama kafin hakan ta faru.

Don haka ina da roƙo. Shugabannin FCS, ku sa awa ɗaya ta bita a cikin jadawalinmu, 'yan SS3 masu ƙoƙari su ja na baya, kuma a rage taruka daga zango na biyu. Malamanmu, muna roƙon a bar mana aji ɗaya a buɗe bayan an tashi, ko don waɗanda gida ba ya ba su sarari. Masu niyyar rubuta JAMB kuwa, ba a rajista sai da lambar NIN. Ku duba yau ko sunanku da ranar haihuwarku a katin sun yi daidai da na takardun makaranta, domin gyaran yana ɗaukar lokaci, kuma layin yana tsawo idan an buɗe rajista.