TAKALMIN HAWAN DUTSE KAYAN AIKI NE: A AUNA ƘAFA KAFIN A BIYA KUƊI



Sa'ad da ƙungiyar gama kai ta zauna lissafin abin da za a saya kafin damina, abubuwan da akan rubuta sanannu ne: taki, iri, maganin feshi, garma, da buhunan zuba amfani. Da wuya a ga wani ya ɗaga hannu ya ce a sa takalmi a cikin lissafin. Yawancinmu muna ɗaukar takalmi kayan ado ne, na zuwa sujada ran Lahadi ko na biki. Ra'ayina shi ne, ga mutumin da gonarsa take bisa dutse, takalmi kayan aiki ne daidai da fartanya. Kuma yadda ba ka sayen fartanya sai ka riƙe ƙotarta ka ji ta zauna a hannunka, haka bai kamata ka sayi takalmi ba sai ƙafarka ta yarda da shi.

Da yawa cikinmu mazaunan tuddai ne. Ƙasar Jos ta kai wajen mita 1,200 bisa teku, duwatsun Shere kuwa sun wuce mita 1,800. A jihar Taraba akwai tudun Mambila, da dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ba wanda ya fi shi tsawo a Nijeriya. Ga kuma duwatsun Gwoza, da na Tangale da Waja, da na Kagoro. A ƙasashen Turai mutane suna hawan dutse domin shan iska a ranar hutu. Mu kuwa neman abinci ne yake kai mu, safe da yamma, sau da yawa da kwandon dankali ko damin acca a ka.

ABIN DA KE JIRAN ƘAFA A KAN DUTSE

Na fari, santsi. Falalen dutse da ruwa ya jiƙa, ko tsakuwa a kan gangara, suna ka da ƙato nan da nan. Targaɗe ɗaya a lokacin noman fari ya isa ya kwantar da mutum mako biyu ko uku, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa.

Na biyu, maciji. Kububuwa tana son wuraren duwatsu da ciyayi, musamman a gindin tuddai irin na Kaltungo da Langtang, har a Kaltungo akwai asibiti musamman domin saran maciji. Yawancin sara a ƙafa ne da idon sawu, kuma ya fi yawa a lokacin shuka da girbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 suke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji, a shekarar 2017 kuma ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci. Takalmi ba laya ba ne, amma fata mai kauri wadda ta rufe idon sawu, tare da dogon wando, tana tare sara da yawa.

Na uku, ƙasar kanta. Ƙaya da sartse da faso suna buɗe wa ciwo ƙofa. Tsutsar ciki mai shan jini tana shiga ta fatar ƙafa. A tuddan Habasha da na Kamaru, inda akwai jar ƙasa ta tsohon dutse mai aman wuta, ana samun wani irin tundurmi wanda ba sauro ke kawo shi ba. Shekara da shekaru na tafiya ba takalmi ne suke jawo shi, rigakafinsa kuwa sa takalmi da wanke ƙafa.

WANE IRI ZA A NEMA?

Juya takalmin ka dubi ƙasansa tukuna, gama nan ne amfaninsa yake. A shekarar 1935 wani mutumin Italiya mai suna Vitale Bramani ya rasa abokansa shida a kan duwatsun ƙasarsu, ya ga rashin takalmin kirki yana cikin abin da ya jawo hasarar. A 1937 ya fito da ƙasan takalmi na roba mai manyan haƙora, wanda ake kira Vibram. Irin wannan ƙira ce ake bi har yau. Ba lalle sai mai wannan suna ba. Abin da kake nema shi ne haƙora masu zurfi, kamar milimita 4 ko 5, da ɗan tsani tsakanin dunduniya da tsakiyar tafin, domin shi ne birkinka a gangara.

Sa'an nan ka kama takalmin da hannu biyu ka lanƙwasa. Ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu kaɗai, inda ƙafa take lanƙwasawa. Idan ya naɗe a tsakiya kamar tabarma, kowane tsinin dutse zai same ka. Ka murɗa shi kamar mai matse wanki. Nagari yakan yi gardama. Ka matsa bayan dunduniya da yatsa, ya zama da ƙarfi. Harshen takalmin kuma ya kasance a ɗinke da gefe biyu, domin kada tsakuwa da ruwa su riƙa shiga.

Wani zai ce, ai muna da takalmin ruwa na roba. Gaskiya ne, yana da aikinsa. A fadama, da wurin feshin magani, da cikin doguwar ciyawa, ba abin da ya fi shi. Amma ba shi da igiya, ƙafa tana yawo a ciki, a gangara kuma yatsu su yi ta dukan gaba. Takalmin ma'aikatan gini mai ƙarfe a baki shi ma nauyinsa ya yi yawa ga tafiya mai nisa, gama nauyin da ke ƙafa ya fi gajiyar da mutum bisa ga wanda ke ka ko baya. Silifa da takalmin taya suna kāre tafin ƙafa kaɗai. Abin da ya dace da mu shi ne na fata, ko fata haɗe da yadi mai ƙarfi, mai igiya, wanda ya rufe idon sawu, marar nauyi ƙwarai.

LAMBA BA ƘAFA BA CE

A nan ne yawancin kuɗi suke lalacewa. Mutum yakan aiki ɗansa kasuwa ya ce, sayo mini lamba 42. Amma lambobin ba ɗaya suke ba. Lamba 8 ta Ingila ita ce kusan 42 ta Turai, ita ce kuma kusan 9 ta Amurka a takalman maza. Tsakanin lamba da lamba a lissafin Turai bai kai milimita 7 ba, a na Ingila kuwa ya ɗan wuce milimita 8. Kamfani biyu ma sukan rubuta lamba ɗaya, takalman su bambanta. Bugu da ƙari, lamba tsawo take faɗa, ba ta faɗar fāɗi. Wanda ya tashi yana yawo ba takalmi, yatsunsa a buɗe suke, ƙafarsa ta fi fāɗi. Takalmin da aka ƙera domin siririyar ƙafa zai matse shi ko da tsawon ya yi daidai. Saboda haka mai ƙafa shi ne zai gwada da kansa, ga kuwa yadda zai yi.

1. Ka gwada da yamma, bayan ka yini kana tafiya. Ƙafa tana kumbura kaɗan da yini, takalmin da ya yi daidai da asuba zai matse ka da la'asar.

2. Ka je da safar da za ka riƙa sawa, mai kauri. Kada ka gwada da leda ko ƙafa tsirara.

3. Ka gwada ƙafa biyu duka, a tsaye. Mutane da yawa ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗayar. Babbar ce za a bi.

4. Idan shimfiɗar ciki tana fita, cire ta ka taka a kai. Ya kamata a sami saura kamar fāɗin babban yatsan hannu, wato santimita 1 zuwa 1 da rabi, gaban yatsan da ya fi tsawo. Gefen ƙafarka kuma kada ya zubo waje.

5. Ka sa takalmin ba ɗauri, ka tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa baki. Yatsan hannu ɗaya ya shiga bayan dunduniya. In bai shiga ba, ya yi kaɗan. In biyu sun shiga a sake, ya yi yawa.

6. Ka mai da dunduniya baya, ka ɗaure igiya sosai har sama. Yatsu su iya motsi, amma tsakiyar ƙafa ta kamu.

7. Ka nemi gangara ko matakala. Wajen hawa, dunduniya kada ta riƙa ɗagawa tana gogar baya, gama wannan ne yake kawo bororo. Wajen sauka, yatsu kada su daki gaba, gama wannan ne yake baƙanta farce har ya fita.

Mai sayarwa zai ce maka, ai zai buɗe. Fata takan ɗan buɗe a fāɗi, shumeka ma yana iya taimakawa a nan. Amma takalmi ba ya ƙara tsawo har abada. In ya cije ka a kasuwa, a kan dutse sai abin da ya ƙaru.

GAME DA GWANJO

Ba na hana kowa sayen gwanjo. Sau da yawa tsohon takalmin kirki ya fi sabo marar ƙarko, araha kuwa ba ta ado. Amma a lura da abu uku. Wasu takalman suna da wani irin soso tsakanin tafin da robar ƙasa, wanda yakan ruɓe idan ya daɗe a ajiye, musamman wurin zafi da laima. Daga waje takalmin kamar sabo, amma kwana biyu a kan hanya sai ƙasan ya ɓare. Ka danna wurin da farce. In yana marmashewa ko yana danƙo, ajiye shi. Na biyu, ka aza takalmin a kan tebur ka duba daga baya. In ya karkata gefe ɗaya, tafiyar mai shi na dā ta riga ta cinye shi, zai kuwa karkatar da kai. Na uku, kada a ƙara maka kuɗi domin an rubuta cewa ruwa ba ya shiga. Wannan rufin na ciki yakan huje da tsufa, kuma yana ƙara zafi a ƙasarmu. Wanda ƙasansa ɗinkakke ne ya fi mana, gama shumeka zai iya sāke shi.

BAYAN AN SAYA

Kada ka sa sabon takalmi ka kama hanyar yini guda. Ka fara da awa ɗaya ko biyu a gida da kusa, har mako ɗaya ko biyu, ƙafa da takalmi su saba da juna. Ka yanke farce. Ka sami safa biyu kana canzawa. Ta ulu ta fi ta auduga, domin auduga tana riƙe gumi. In ka ji wuri yana zafi, tsaya nan take ka manna filasta kafin ya zama bororo. Kafin doguwar gangara, sāke ɗaure igiya a wajen idon sawu. Sanda kuma tana nan da amfaninta, gama dogon takalmi ba ya hana targaɗe duka.

In takalmi ya jiƙe, kada a kai shi bakin murhu. Wuta tana busar da fata ta tsage, ta kuma saki gam. A cire shimfiɗar, a cusa tsohuwar takarda, a ajiye a inuwa inda iska take. A kankare laka, a shafa wa fata man takalmi. Kowace safiya a kaɗe shi kafin a sa ƙafa, saboda kunama. Masu ciwon sukari su yi hankali ƙwarai: ƙafarsu ba ta cika jin zafi ba, sai su riƙa dubanta kowane dare.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Na san abin da dattawa za su ce: kakanninmu sun hau duwatsun nan ba takalmi. Haka ne, kuma muna girmama ƙarfinsu. Amma a tambayi tsofaffin kowane ƙauye a gindin dutse, za su lissafa waɗanda maciji ya ɗauke da ƙuruciyarsu. Kakanninmu ba su sa takin zamani ba, mu kuwa muna sawa. Na kuma san kuɗin yana da nauyi. Sai dai a kwatanta shi da kuɗin mota zuwa asibiti, da na magani, da na 'yan ƙwadago da za a ɗauka domin mai gona yana kwance. Rigakafi ya fi magani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu. A sa takalmi cikin kayan da ake ba da bashinsu, a biya bayan girbi kamar taki. Amma kada a tara kuɗi a aiki mutum ɗaya birni da jerin lambobi, gama rabin abin da zai kawo ba zai shiga ƙafar kowa daidai ba. Gara a shirya da ɗan kasuwa ya kawo kayansa ranar taro da yamma, kowa ya gwada a kan gangara, a kuma yi yarjejeniya tun da fari cewa wanda bai yi daidai ba za a canza shi cikin mako guda. Wanda ba zai iya zuwa ba, a zana ƙafafunsa biyu a kan takarda yana tsaye da safa, a tafi da zanen.

Kada kuma a manta da mata. Su ne suke hawa neman itace, su ne suke saukowa da kaya mafi nauyi, sau da yawa da goyo a baya, amma su ne na ƙarshe da ake saya wa takalmi. Matan zumunta su ta da wannan magana a taronsu, magidanta kuma su saurara. In kuɗin gida bai isa mutum biyu ba bana, a fara da wanda ya fi bin hanyar dutse, ko da ba maigida ba ne.

Ina roƙon kowane magatakarda ya sa wannan batu cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, tun damina ba ta kama ba. Allah ya kiyaye sawayenmu, ya ba mu damina mai albarka.

Naku cikin aiki,
Malamin Gona