Ganyen daji ba abin rainawa ba ne

Yara, a birnin Akara na ƙasar Gana akwai unguwanni da ake kira Zango. Nima da Mamobi suna cikinsu. Mutane da yawa a can Hausa suke yi. Gidaje a cunkushe suke, ba gona, ba daji. Amma da yamma sai ƙanshin tuwon zafi ya tashi, da miyar kuka ko ta ayoyo, wato lalo.

Daga ina kukar take zuwa? Daga arewa. Matan ƙauye ne suke tsinko ganyen, su shanya, su daka. Motoci su kai garin kukar kasuwar Nima. Abin da ɗan ƙauye yake samu kyauta a bayan gari, ɗan birni sai ya sa kuɗi.

Wasu yara suna cewa kuka da tafasa da rama abincin talaka ne. Ni ban yarda ba. Ganyayen nan, tare da zogale da yakuwa, suna ƙara jini, suna taimakon ido. Idan hunturu ya shigo a watan Disamba, ɗanyen ganye yakan yi wuya. Gidan da ya shanya nasa tun da kaka ba zai rasa miya ba.

Sanin itatuwan daji yana kuma ceton rai. A shekarar 1983 fari da gobarar daji sun jawo yunwa a Gana. A shekarar 2005 an yi ƙarancin abinci a Nijar, iyalai da yawa suka koma cin anza. Anza tana da ɗaci ƙwarai. Sai an jiƙa ta kwanaki, ana sake ruwa, kafin ta ciwu. Haka mutanen Maroko da Tunisiya suke yi da zaitun. Suna tsinkar sa lokacin sanyi, su jiƙa shi, su adana shi cikin ruwan gishiri. Ba sa jin kunyar wannan aiki. Mu don me za mu ji?

Sai dai a yi hattara. Kada ku ci tsiron da ba ku sani ba. Zaƙami, alal misali, guba ne. Kada ku tsinki ganye a bakin kwata ko a kan juji. Ku wanke ganye da ruwa mai tsabta. Ku shanya shi a inuwa, bisa tabarma, don rana tana rage amfaninsa. Idan ya bushe sarai, ku zuba shi cikin tukunya mai murfi.

Wannan ilimi yana wurin kakanninku mata. Ku tambaye su sunan kowane ganye, da inda yake tsirowa, da yadda ake gyara shi. Ku rubuta ganye biyar a littafinku, ku kawo aji gobe.